Sinadarin Girma da Tattalin Jiki a Lokacin Yunwa

Manomin Gaya ko na Ajingi ya san watannin tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga noma kuwa ba ya jira. Abin tambaya shi ne, da me jiki yake aiki a irin wannan hali? Masana sun daɗe kafin su gano amsar.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, wanda yake fitar da sinadarin girma. Da fari an ɗauka aikinsa tsawaita ƙashi ne kurum. Bernardo Houssay na ƙasar Ajantina shi ya nuna cewa idan aka cire ƙullutun daga kare mai ciwon sukari, ciwon yakan yi sauƙi, aka kuwa ba shi lambar Nobel a 1947. A 1937 Frank Young a Landan ya yi ta yi wa karnuka allurar ruwan ƙullutun har ciwon sukari ya kama su. A 1963 kuma Roth, Glick, Yalow da Berson a Amurka suka tabbatar cewa sinadarin yana ƙaruwa cikin jini idan sukari ya faɗi ko mutum ya daɗe bai ci ba.

Ma'anar wannan ita ce, sinadarin yana narka kitsen da jiki ya ajiye domin tsoka ta ƙona, ya rage ƙarfin insulin, ya bar wa ƙwaƙwalwa ɗan sukarin da ya saura. Wato ma'aji ne mai tattali. Amma in ya yi yawa, sai sukari ya taru a jini ya zama ciwo.

Darasi mafi nauyi ya fito ne daga Afirka ta Kudu, inda a shekarun 1960 Pimstone da abokan aikinsa suka iske sinadarin ya cika jinin yara masu tamowa, amma ba su girma. Dalili kuwa, hanta ba ta amsa kiransa sai da abinci mai gina jiki.

Saboda haka, ku ɗalibai da ma'aikata, yaron da ya tsumbure a ƙauyukanmu, kamar yadda aka gani a farin 1972 zuwa 1974, galibi ba sinadari ya rasa ba. Wake da gyaɗa da nono ya rasa, kuma a nan ne hukuma za ta fara gyara.