Asalin Injin Honda a Tseren Formula 1

Tun kafin a san kamfanin Honda da mota, da babur aka san shi. Soichiro Honda, ɗan wani maƙeri mai gyaran kekuna a ƙasar Japan, shi ya kafa shi a garin Hamamatsu a 1948. A 1959 ya kai baburansa tseren tsibirin Man, kusa da Ingila, ba a yi shekara uku ba suka lashe gasar. A can ne injiniyoyinsa suka naƙalci wata dabara, wato a ƙera ƙaramin inji mai silinda da yawa, a sa shi ya riƙa juyawa da saurin da manyan injuna ba sa iyawa. Wannan dabara ce tushen duk abin da ya biyo baya, shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki shigar Honda tseren motoci masu kujera ɗaya a matsayin talla kawai. Makaranta ce mai kamfanin ya buɗe wa ma'aikatansa.

Dubi yadda abin ya faro. Sai a 1963 Honda ya fara sayar da mota mai ƙafa huɗu, amma a 1964 har ya shiga Formula 1. Da fari inji kawai ya yi niyyar ƙerawa ya ba kamfanin Lotus na Ingila. Da Lotus ya janye, sai injiniya Yoshio Nakamura da mutanensa suka ƙera motar baki ɗaya, aka sa mata suna RA271. Injinta lita 1.5 ne mai silinda 12, kuma a gicciye aka kwantar da shi kamar na babur, domin abin da hannunsu ya saba ke nan. A 1965 Ba'amurke Richie Ginther ya ci tseren birnin Meziko da motar Honda, yana kan gaba tun daga tashi har ƙarshe. Birnin yana kan tudun da ya haura mita 2,000, iska ba ta isar inji, sai wanda ya iya daidaita mai da iska yake kai labari.

Wani zai ce, in da gaske makaranta ce, me ya sa Honda yake shiga yana fita? Ya fita a 1968, ya dawo a 1983, ya sake fita a 1992, ya dawo, ya kuma fita a 2008. Maganar tana da nauyi, musamman fitar farko, wadda ta biyo bayan mutuwar direba Jo Schlesser a Rouen ta Faransa, cikin motar RA302 da direban Honda John Surtees ya ƙi tuƙawa don yana ganin ba ta kammalu ba. Soichiro ne ya dage kan injin da iska ke sanyayawa maimakon ruwa, aka yi gaggawar kai motar fili, aka rasa rai. Ba abin da za a wanke ba ne. Sai dai a duba inda injiniyoyin suka nufa bayan fitar. Wasunsu sun koma kan injin CVCC, wanda ya cika sharuɗɗan dokar tsaftar iska ta Amurka ta 1970 a lokacin da manyan kamfanonin Detroit ke cewa ba ta yiwuwa. Tadashi Kume da Nobuhiko Kawamoto, waɗanda suka yi ƙuruciyar aikinsu a kan injunan tsere, duka biyun sun shugabanci kamfanin daga baya.

Dawowar 1983 ita ta kawo ɗaukakar da aka fi tunawa. Motocin Williams da McLaren masu injin Honda sun riƙe kambun kamfanoni shekara shida a jere, daga 1986 zuwa 1991, kuma a 1988 Ayrton Senna da Alain Prost suka ci tsere 15 cikin 16. Sabon haɗin gwiwa da McLaren a 2015 kuwa ya zo da kunya, injin ba ƙarfi ba ƙarko. Honda bai janye ba, ya sake fasalin injin, ya koma wurin ƙungiyar tsere ta Toro Rosso a 2018, sannan Red Bull, har Max Verstappen ya zama zakaran duniya da shi a 2021.