Tafiyar Kano zuwa Legas: daga ayarin fatake zuwa jirgin sama

Tsakanin Kano da Legas akwai kimanin kilomita 830 idan aka miƙe ta sama, ta hanyar mota kuwa ya kai 1,000 ko ya ɗara, gwargwadon hanyar da aka bi. Tazarar tana nan yadda take tun kaka da kakanni, amma lokacin da ake ɓatawa a kanta ya sauya ƙwarai cikin ƙarni biyu.

Kafin zuwan Turawa, fatake ne ke ratsa wannan ƙasa zuwa Ikko, kamar yadda Hausawa ke kiran Legas. Ayari kan tashi ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin Kano. Da asuba ake ɗaura kaya, a yi ta tafiya har rana ta take, sannan a yada zango. Ana biyan kuɗin fito a bakin Kwara, ana biyan sarakunan hanya haƙƙinsu, a jira a Ilori a ci kasuwa. Tafiyar kan ci makonni da yawa, shi ya sa ake yin ta da rani. Wani Bature mai suna Clapperton ya bar Badagiri a Disamban 1825, bai shiga Kano ba sai Yulin 1826, saboda rashin lafiya da zaman fadar sarakuna.

Jirgin ƙasa ne ya fara gajarta tafiyar. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi a 1912, aka kuma kammala gadar Jebba a 1916, sai aka daina tsallakar da taragai a kan ruwa. Abin da ke cin makonni ya koma 'yan kwanaki, gyaɗa da fatu da shanu suka riƙa gangarawa bakin teku, goro yana hawowa.

A Nuwamban 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar, kuma su ne na farko da suka sauka a Nijeriya. A 1936 aka fara jigilar fasinja da wasiƙu ta filin jirgin Kano. A yau jirgi kan tashi daga filin Malam Aminu Kano ya sauka a filin Murtala Muhammed da ke Ikeja cikin kamar awa ɗaya da rabi.

Hanyar mota ta asali ta bi ta Zariya, Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba, Ilori, sai Ibadan. Lalacewar titi da matsalar tsaro sun sa direbobi da yawa sun koma bin Abuja da Lokoja da Okene, duk da ta fi tsawo. Motar fasinja kan ci yini da wani sashe na dare, tirela mai ɗauke da shanu ko kwandunan tumatir kuwa takan kwana biyu ko uku, tana fama da ramuka da shingayen bincike.

Jirgin sama na masu hali ne da masu gaggawa. Abincin da Arewa ke aika wa kasuwar Mile 12 da ke Legas, da akasarin matafiya, a kan kwalta suke, don haka gyaran titi da tsaron hanya su ne za su ƙara kusanta biranen biyu ga talaka.