Mudu da Muƙami: Ikon Hukumar Gida a Ƙasar Gwandu

Da abu biyu talaka yake auna hukumar da ke kusa da shi. Na farko, wa ke yanke kuɗin abin da ba makawa sai ya saya. Na biyu, wa ke duba cancantar ma'aikacin da aka ɗora masa. Tarihin ƙasar Gwandu, wadda Kalgo ke cikinta, ya nuna yadda ikon nan biyu ya yi ta nisa da shi.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka danƙa wa yammacin daular Usmaniyya a 1812, ya bayyana sharuɗɗan masu riƙon amanar jama'a cikin littafinsa Diya'ul Hukkam. A zamanin nan muhtasibi da sarkin kasuwa ke lura da mudu da awo, mai ƙara kuwa ya san ƙofar da zai nufa.

Bayan zuwan Turawa a 1903 sai aka kafa En'e, mazauninta a Birnin Kebbi. Ita ke tara haraji da jangali a baitulmali, ta haƙa rijiyoyi, ta ɗauki malamanta. Amma sau da yawa dangantaka da fada ta fi ilmi nauyi wajen samun aiki, abin da ya sa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nemi a yi wa En'e gyara a Majalisar Arewa a 1950.

Gyaran ya zo, sai dai ya tafi da iko. Wutar lantarki, wadda En'e ta Kano ta taɓa gudanarwa da kanta, ta koma hannun hukumar tarayya, wadda ta zama NEPA a 1972. Tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa ɗaukar manyan ma'aikatansu da ƙarin girmansu ga wata hukuma ta jiha. Ko da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, haka abin ya zauna. Dokar 2005 ta kafa hukumar NERC mai yanke kuɗin wuta daga Abuja, kuma kamfanin Kaduna ke rarraba ta a Kebbi. Abin da ya rage wa majalisun Gwandu da Kalgo shi ne irin su kuɗin rumfar kasuwa da na tasha.

Lalle an rage son kai na fada, amma mai niƙa a Kalgo da kuɗin wuta ya yi wa yawa ba shi da ƙofar kai kuka a garinsu. Dokar lantarki ta 2023 ta yarje wa jihohi su tsara harkar wutarsu, sannan a 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Amfanin waɗannan zai bayyana ne ran da mai yanke farashi da mai tantance ma'aikaci suka zama mutanen da talaka zai iya taka sayyada ya iske.