Daga Mowa da Bora Zuwa Muguwar Kishiya

Mai karatu, sau nawa ka sayi littafi kan zaman iyali, tun kafin ka kai shafi na goma ka riga ka san inda za a kwana? Ga uwargida baiwar Allah, ba ta san komai ba sai kuka. Ga kishiya mai bin bokaye. Ga maigida da aka mallake, ba ya gani ba ya ji. Ƙarshe dai asiri ya tonu, muguwa ta haukace, a yi ta neman gafara.

Wannan abu ya samo tushe ne daga tatsuniya, inda 'yar Bora kullum take dacewa, 'yar Mowa ta kwashi kashinta a hannu. A tatsuniya ba laifi, don darasi ake so yaro ya ɗauka kafin barci ya kwashe shi. Matsalar ita ce a ɗauko wannan ma'auni a auna littafin manya da shi.

Kada ka ce ai haka muka gada. A shekarun 1930, zamanin gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, John Tafida da Rupert East sun rubuta Jiki Magayi. Dubi Abubakar: an cuce shi, Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya aure masa Zainab. Kana cikin tausaya masa, sai ga shi ya nemo asirin da ya lalata yaron da bai ji ba bai gani ba. To, wane layi za ka sa shi, na mugaye ko na waɗanda aka zalunta?

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, mata suka shigo da labarin cikin gida, wanda a da ba kasafai ake taɓa shi ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda Delu. Rabi ta tashi ta kama sayar da abinci, ta tsaya da ƙafarta. Da duniya ta juya wa Alhaji baya, aka matsa mata ta koma ba da son ranta ba. Wannan ƙarshe yana ci wa mutum rai, domin haka abin yake faruwa a gidajenmu.

Sai dai kasuwa ta fi son abin da ta saba da shi. Aka yi ta kwafar fatar labarin ana barin tsokar, fim kuma ya ɗauka ya ƙara gishiri.

Ka san illar? Yarinyar da ta tashi tana karanta cewa kowace kishiya mayya ce, da wannan zuciyar za ta shiga gidan miji. Alhali ita ma kishiyar 'yar wasu ce, tana da tsoronta da dalilinta. Don haka in ka haɗu da marubuci, tambaye shi: me ya mai da muguwarka muguwa? In ya rasa amsa, bai gama aikinsa ba.