Wilin Mota: Daga Filin Tsere Zuwa Hanyoyin Abu Hujar

Wili shi ne ƙarfen da ake ɗora taya a kansa, wanda kanikawa kan kira rim. Na motocin farko da katako aka yi shi, irin na keken doki, daga baya aka koma na waya kamar na keke. Wajen 1910 kamfanin Sankey na Ingila ya soma matse faifan ƙarfe a inji yana fitar da wili, kuma wannan ƙira ce ta mamaye kasuwa saboda arha da juriya. Aibinta guda, ba ta da kyan gani. Shi ya sa aka riƙa rufe ta da wil-kofa, wanda ya samu ƙyalli bayan shafen kurom ya yaɗu a ƙarshen shekarun 1920.

Masu tseren mota ne suka fara neman wani abu daban, kuma nauyi ne damuwarsu. Duk abin da aka rage daga nauyin wili yana sa taya ta fi kama ƙasa, birki kuma ya fi ci. A 1924 Ettore Bugatti ya fito da motarsa Type 35 da wilin alminiyam na zubi. Bayan yaƙin duniya na biyu Ted Halibrand ya yi wa motocin tseren Indianapolis a Amurka wilin maganiziyam. Daga nan sha'awar ta fito kan titi: samari suka fara cire wilin kamfani suna sayen irin na 'yan tsere, sai kamfanoni suka shiga biyan wannan buƙata, kamar BBS da aka kafa a Jamus a 1970 da OZ da aka kafa a Italiya a 1971. Manyan hanyoyin yin wilin alminiyam biyu ne. Ko dai a narkar da alminiyam a zuba a mazubi, wanda ya fi arha, ko a danne curinsa da inji mai tsananin ƙarfi, wanda ya fi ƙwari da rashin nauyi amma da ɗan karen tsada. Ado ya biyo baya: gogewa har ya yi sheƙi, shafen kurom, da garin fenti da ake fesawa a gasa a tanda. A yau Sin ce kan gaba wajen yin wilin alminiyam, har kamfaninta Citic Dicastal ya buɗe masana'anta a Kenitra ta Maroko a 2019.

A gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan kuwa, labarin wili wata hanya dabam ya bi. Hausawa da Fulanin da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 sun zauna kusa da Sinnar, aka kafa garin Mai Wurno, ƙauyukansu kuma suka bazu kudu ta wajen Sinja da Abu Hujar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, daga baya kuma noman dawa da riɗi da tarakta ya bunƙasa a filayen Dali da Mazmum. Amfanin gona sai an kai shi kasuwa, ƙasar wurin kuwa baƙar laka ce, da damina ta riƙe taya ƙam, da rani ta daddare ta bar ramuka.

Motar da ta ɗauki wannan wahala ita ce Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, direbobin Sudan kuma suka laƙaba mata suna Sifinja. Maƙera da kanikawan garuruwa irin su Shandi da Port Sudan ba su bar ta yadda ta zo ba. Sukan kwance ta kaf, su ƙarfafa ƙashin bayanta, su ƙara mata sifirin, su sa mata manyan tayoyi, su yi mata sabon bodi na ƙarfe, har ta ɗauki kayan da masu ƙirarta ba su taɓa zato ba. Sai an gama wannan ake zuwa kan fenti da zane da rubutu, wili ma ya samu rabonsa na launi. Aikin ya kai a yi alfahari da shi, domin an daina yin motar a Ingila amma ta ci gaba da aiki a Sudan da hannun waɗannan mutane. Masanin Jami'ar Bayreuth Kurt Beck ya yi nazarin sana'ar, Valerie Hänsch kuma ta yi fim a kanta a 2009.

Wilin alminiyam sai da kwalta ya shigo. An kammala titin Khartum zuwa Port Sudan a 1980, ƙananan motoci da akori-kurar Toyota suka yawaita, masana'antar Giad da ke jihar Jazira kuma ta fara harhaɗa motoci wajen 2000. A birane samari suka rungumi wili mai faɗi da siririyar taya, masu raksha su ma suka shiga ƙawata nasu.

Amma da zarar an sauka daga titin Sinja zuwa Damazin aka nufi gona, lissafi ya canza. Siririyar taya ba ta da isasshen gefen da zai shanye bugun rami, sai bugun ya sauka kan wili. Na ƙarfe in ya bugu lanƙwasa yake yi, mai faci ya miƙar da shi da guduma a ci gaba da tafiya. Na alminiyam yakan tsage, kuma waldarsa sai da inji na musamman da gwani, bayan haka ma ba a cika amincewa da shi ƙarƙashin lodi ba. Saboda haka motar da ke jigilar dawa da riɗi a karkarar Abu Hujar wilin ƙarfe ne ya dace da ita, adonsa kuwa fenti ya wadatar.