Half-Life 2: Tarihin Birnin Zalunci da Aka Zana Sau Biyu

Half-Life 2 wasan kwamfuta ne da kamfanin Valve na jihar Washington a Amurka ya fitar ranar 16 ga Nuwamba, 2004. Mai wasa yana shiga rigar Gordon Freeman, masanin kimiyyar da ba a taɓa jin muryarsa ba, wanda ya farka cikin jirgin ƙasa ya tarar wasu halittu daga wata duniya, masu suna Combine, sun mallake doron ƙasa. Zuwa shekarar 2011 an sayar da kwafi miliyan 12, kuma har yau ana lissafa shi cikin wasannin da suka sauya wannan sana'a. Tarihinsa ya fita daban saboda jama'a sun san shi a siffa biyu: wadda ta shiga kasuwa, da wadda aka tsara tun farko aka ajiye, wadda masoyansa ke kira beta. Sama da shekara ashirin ke nan ana gardamar wadda ta fi ban tsoro.

Irin labarin

Wasan yana cikin jerin ƙagaggun labaran baƙar makoma, inda marubuci ke hasko wata rayuwa ta gaba da mulki ya danne ɗan Adam har ya raba shi da 'yancinsa da tunaninsa. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a nan. George Orwell, wanda Bala Abdullahi Funtua ya fassara wani littafinsa zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi, shi ne ya rubuta 1984, littafin da ya zama ma'aunin irin waɗannan labarai tun fitowarsa a 1949. A Masar ma Ahmed Khaled Tawfik ya fitar da Utopia a 2008, inda masu hannu da shuni suka killace kansu a bakin teku suka bar talakawa cikin ƙunci. Half-Life 2 ya ɗauko wannan tsohuwar damuwa ya sa mutum ya taka ƙafarsa a cikinta.

Mafarin aikin

Gabe Newell da Mike Harrington, tsofaffin ma'aikatan Microsoft, su suka kafa Valve a 1996. Wasansu na farko, Half-Life, ya fito a Nuwamban 1998 ya yi tashe fiye da zaton kowa. A 1999 aka fara aikin na biyu. Marubucin labarin shi ne Marc Laidlaw, kuma kamfanin ya gina sabon injin manhaja mai suna Source domin kaya su riƙa faɗuwa, su karye, su yi iyo a ruwa yadda suke yi a zahiri. An kwashe shekara biyar ana wannan aiki, aka kashe kimanin dala miliyan 40.

A shekarun farko ba a sa wa marubuci da masu zane linzami ba. Abin da suka tsara a lokacin shi ne aka sani yanzu da tsarin farko.

Birnin farko

City 17, birnin da labarin ke gudana, da farko an zana shi da dogayen benaye irin na biranen gabashin Amurka. Sararin samaniya a murtuke yake, hayaƙi ya rufe rana, launin kore da baƙi sun rinjayi komai. Dalilin wannan duhu yana cikin labarin kansa: 'yan mamaya sun kafa wata katafariyar masana'anta mai suna Air Exchange da ke zuƙe iskar duniya tana musanya ta da iskar da ta dace da huhunsu. Saboda haka mazauna birnin ba sa fita sai da takunkumin kare numfashi. Haka kuma ana janye ruwan teku, har wuraren da jiragen ruwa ke bi suka koma ƙeƙasasshiyar hamada cike da tarkace.

Abin da ya fi tayar da hankali a zane-zanen wancan lokaci shi ne halin yara. An nuna su a masana'antu suna aikin tilas, suna harhaɗa kayan da za a yi amfani da su wajen danne iyayensu. Akwai wasu halittu masu doguwar riga da ake kira Cremator, aikinsu bin tituna suna ƙone gawarwaki da shara. Akwai kuma wani gidan wasa da 'yan birni ke shiga su yi nishaɗi a gaban allo, suna tuƙa ƙananan na'urori masu wuƙa suna farautar mutane, ba tare da sanin cewa mutanen gaske ne ake yankawa a titi ba. Wannan tunani yana da kaifi, domin yatsa yake nuna wa mai wasan kansa.

Shugaban birnin a wancan tsari ana kiransa Consul. Alyx, budurwar da ke taimakon Gordon, 'yar wani soja ce mai suna Kyaftin Vance, sannan akwai wani dattijon masani daban mai suna Eli Maxwell. Tafiyar ma ta fi tsawo nesa ba kusa ba. Gordon zai bar birni ya ratsa hamada, ya kai hari masana'antar iska, ya hau Borealis, jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara, ya nufi yankin sanyi na arewa, ya sauka wani sansani a ƙarƙashin teku mai suna Kraken, kafin ya dawo birni a yi gumurzun ƙarshe. Makaman da zai riƙe sun haɗa da AK-47 da kwalbar fetur mai wuta da gatarin ƙanƙara.

Yadda aka sauya hanya

Babu wata rana guda da aka ce an soke wannan tsari. A hankali aka riƙa zaftare shi, kuma dalilai uku ne suka fi fitowa fili.

Na farko girma ne. Ma'aikatan Valve ba su da yawa, kuma kowane wuri sai an gina shi, an gwada shi da 'yan wasa, an gyara. Na biyu shi ne daɗin wasa. Misalin da aka fi ambata shi ne Hydra, wata halitta shuɗiya mai dogon jiki da ke soke soja ta ɗaga shi sama. Ta burge 'yan kallo matuƙa a bajekolin wasanni na E3 na watan Mayun 2003, amma Ken Birdwell, wanda ya ƙirƙire ta, ya gane cewa kallonta ne ke da daɗi, faɗa da ita ba ya gamsarwa. Aka cire ta.

Na uku shi ne Viktor Antonov, shugaban masu zane. An haife shi a Sofiya, babban birnin Bulgeriya, a 1972, ya tashi a zamanin mulkin gurguzu na Todor Zhivkov. Ya san yadda birnin da ake mulka da tsoro yake a ido: tsofaffin gidaje masu kyau da fenti ya kwaile, dogayen gidajen siminti iri ɗaya, layin karɓar abinci, mutane na magana ƙasa-ƙasa. A hannunsa City 17 ya ƙaura daga Amurka zuwa gabashin Turai. Aka rubuta allunan tituna da haruffan Rasha da Bulgeriya, tashar jirgin ƙasa ta ɗauki kamannin wata tashar Budapest, sannan aka dasa baƙin ƙarfen Combine a tsakiyar tsofaffin gine-gine yana cinye su unguwa bayan unguwa.

Akwai kuma batun fuska. Birdwell ya daɗe yana gina tsarin motsin fuska bisa binciken masanin halayyar ɗan Adam Paul Ekman, domin gira da leɓe da ido su nuna tsoro ko tausayi. Wanda ya yi wannan wahala ba zai so ya rufe fuskokin mutanensa da takunkumi ba. A wasan da ya fito, 'yan sandan mamaya ne ke rufe fuska, talakawa kuwa ana ganin gajiyar da ke idonsu.

Kutsen 2003

Valve ta yi alkawarin fitar da wasan ranar 30 ga Satumba, 2003, sannan ta ɗage saura mako guda. Ranar 2 ga Oktoba Newell ya sanar cewa an yi wa kwamfutocin kamfanin kutse an sace tushen rubutun manhajar. Ba da jimawa ba wani kwafi da ba a kammala ba ya bazu a intanet tare da tarin tsofaffin taswirorin wurare, har aka riƙa sayar da shi a faifai a kasuwannin Rasha. Wanda ya yi kutsen wani matashi ne Bajamushe, Axel Gembe. Shi da kansa ya tuntuɓi Newell yana neman aiki. Kamfanin da hukumar FBI suka shirya jawo shi Amurka da sunan ganawar ɗaukar aiki, amma 'yan sandan Jamus suka riga su, suka kama shi a Mayun 2004. A 2006 kotu ta yanke masa shekara biyu na zaman sa ido ba tare da ɗauri ba.

Satar ta jefa ma'aikatan cikin baƙin ciki, ta kuma tona cewa aikin bai kusa ƙarewa ba. Amma ba ita ta kashe tsarin farko ba, domin yawancinsa an ajiye shi tun kafin lokacin. Abin da ta yi shi ne buɗe wa jama'a rumbun da ba a yi niyyar nuna musu ba. Ragowar bayanin ya zo ta halastacciyar hanya a 2004, cikin littafin Raising the Bar na David Hodgson, wanda ya tattara zane-zane da guntayen labarin Laidlaw.

Birnin da ya fito

Mai wasa yana sauka daga jirgi da rana tsaka. Sama a buɗe take, tattabaru na tashi. A kan manyan alluna wani dattijo mai furfura da taushin murya yana yi wa baƙi maraba. Shi ne Dakta Wallace Breen, tsohon shugaban cibiyar binciken da Gordon ya yi aiki a cikinta, wanda ya miƙa wuyan duniya bayan yaƙin da bai wuce awa bakwai ba, aka saka masa da sarauta. Wani mutum a tashar yana gargaɗin kada a sha ruwan, wai ana zuba masa abin da ke sa mantuwa. Wata mata tana tsaye a bakin shinge tana jiran mijinta da aka sauke daga jirgi. Ɗan sanda ya ture gwangwani ƙasa da kulkinsa, ya umarci Gordon ya ɗauka ya jefa a kwandon shara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen binciken da mai bindiga ke wulaƙanta mutum don kawai ya nuna iko, ya san wannan gwangwani.

Yaran masana'anta sun ɓace, kuma abin da ya maye gurbinsu ya fi muni. Combine sun kafa wani shinge da ba a gani wanda ya hana haihuwa baki ɗaya. Shekara kusan ashirin ba a haifi jariri ba. A tsakiyar unguwa akwai filin wasa da lilo da 'yar tsana a yashe, babu mai hawa. Tsarin farko ya nuna ana azabtar da zuri'a, wanda ya fito ya nuna an yanke ta.

Sauran abubuwan ma ba su tafi gaba ɗaya ba. A bakin teku ana ganin jiragen ruwa zaune kan yashi da gadojin saukar kaya a rataye nesa da ruwa, shaidar cewa ana janye tekun, ko da yake ba wanda ya tsaya yin dogon bayani. Kurkukun Nova Prospekt ya gaji matsayin masana'antar iska a labarin, kuma a can ake mayar da fursunoni bayi marasa hankali. Garin Ravenholm, wanda aka yi wa ruwan halittu masu kama kan mutum, ya riƙe duhun dare na asali. An haɗe Kyaftin Vance da Eli Maxwell suka zama Eli Vance, uban Alyx. Kan Cremator yana cikin kwalba a ɗakin binciken Eli. Borealis ya sake ɓullowa a ci gaban wasan, Episode Two na 2007.

Daga Alƙahira zuwa sauran duniya

A farkon shekarun 2000 shagunan kwamfuta da Misirawa ke kira saibar sun cika unguwannin Alƙahira, kuma Half-Life na farko da Counter-Strike, wanda aka gina a kansa, suna cikin wasannin da matasa suka fi bugawa.  Half-Life 2 ya zo da sharaɗin da ya yi wa irin waɗannan shaguna nauyi: sai kwamfuta mai ƙarfi, kuma sai an yi rajista ta intanet a manhajar Steam kafin wasan ya buɗe. Mutane sun yi ta ƙorafi a lokacin, amma Steam ɗin ce daga baya ta zama babbar kasuwar wasannin kwamfuta a duniya.

Masoya tsarin farko ba su haƙura ba. Ƙungiyoyin sa-kai sun yi shekaru suna farfaɗo da shi daga tarkacen da aka fallasa, cikin ayyuka irin su Missing Information da Dark Interval. A Nuwamban 2024, da wasan ya cika shekara 20, Valve ta fitar da fim ɗin tarihinsa tare da tsofaffin hotunan gwaji. Antonov, wanda daga baya ya zana birnin Dunwall na wasan Dishonored, ya rasu a Fabrairun 2025.

Hukunci

Masu kewar tsarin farko suna da hujja. An yi asarar doguwar tafiya, da yankin ƙanƙara, da gidan wasan nan mai tuhumar mai wasa. Sai dai suna kwatanta cikakken wasa ne da zane-zane da guntayen taswirori na shekaru daban-daban, waɗanda ba su taɓa haɗuwa suka zama abu ɗaya ba. Duhun tsarin farko yana cikin hayaƙi da launi, kuma mai kallo zai iya cewa wannan wata duniya ce da ba ta shafe shi ba. Wasan 2004 ya toshe wannan mafita, domin ya nuna zalunci da rana, a tashar jirgi, da layin abinci, da shugaba ɗan gida mai daɗin baki yana kare 'yan mamaya. A wannan ma'auni Valve ta zaɓi daidai, kuma City 17 na Antonov ya fi na farko tsoratarwa.