Tunawa da Mazan Jiya: Manoman da Suka Je Yaƙin Bama



Cikin dattawan da a da ake gani a irin wannan taro mai albarka akwai wani rukuni da yau ya kusa ƙarewa, wato manoman karkara da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙin ya ɓarke a 1939, Turawan mulkin mallaka sun bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai wajen ɗibar soja. Wani ya tafi da son ransa, wani kuwa dagaci ne ya miƙa sunansa. Aka raba su da garma da fartanya, aka horar da su a barikoki irin na Kaduna da Zariya.

Wasunsu sun fara gwabzawa da sojan Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka riƙa kwasar su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan sai dazukan Bama, inda suka fuskanci sojan Japan. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, saboda haka a ka ake ɗaukar harsashi da abinci, jirgin sama kuma yana jefo guzuri. Zazzaɓi da atini sun kwantar da da yawa. A 1944 wasu bataliyoyin Nijeriya suka shiga dakarun Chindit da ke kutsawa bayan abokan gaba, a Janairun 1945 kuma rundunonin biyu suka kama garin Myohaung a yankin Arakan. Nan Barikin Chindit na Zariya da na Myohaung da Arakan na Legas suka samo sunayensu.

Mafi yawan waɗanda suka tsira sun dawo gida a 1946, har Malam Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙarsa ta Maraba da Soja. Kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba. Wasu sun sami aikin ɗan doka ko masinja ko gadi, da dama kuwa gona suka koma, suna noman gero da dawa da gyaɗa.

A nan ne babbar hidimarsu take. Mutumin da ya saba da sammako da bin oda da ɗaure rauni, shi ƙauye ke nema in an kira gayya, ko za a yashe rijiya, ko a yaɓe masallaci kafin damina, ko a haƙa kabari. In taro ya cika, shi ke shirya sahu da rabon ruwa, ba albashi, ba neman yabo.

Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna rubuce a ƙofofin bariki, nasu sunayen kuwa a bakin 'ya'ya da jikoki suka rage. Ya kamata muƙaddamai da 'yan'uwa na kowace zawiya su zauna da waɗannan iyalai, su rubuta sunan kowane tsohon soja da garinsu da abin da ya yi wa jama'a, tun masu ba da labarin suna raye.

Allah Ya jiƙan su, Ya sa aljanna ce makomarsu, Ya albarkaci zuriyarsu. Amin.